Tarin da Ke Cikin Waƙar Judah

Birnin Gwari,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga yayana Shekari,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Jeffrey da yara duka. Kullum muna sa ku a addu'a, Allah ya tsare ka a bakin aikinka, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan da ka ce yana damunka in ka daɗe a tsaye. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Gwiwar maigidana Micah ta yi sauƙi, har yana hawa babur zuwa gona. Masara ta yi kyau bana, mun riga mun kwaso ta, dawa ma ta kusa. 'Yata Peculiar tana nan tana koyarwa a firamare, ta rame kaɗan saboda yawan yara a ajinta, amma ba ta ƙorafi. Ni kuma ina nan a rumfar tuwona a bakin kasuwa. Tun da aka yi sulhun nan da mutanen daji hanya ta buɗe, motoci suna shigowa, ciniki ya ɗan motsa. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin a rumfa ko a gida, in mutum ya ɗaga waya bai san kunnen wa ke bayan zana ba. Abdulkahar, direban da ke kai masara Legas, shi zai kawo maka ita hannu da hannu.

Maganar ɗanka Judah ce, Yaya. Tun rasuwar mahaifiyarsa ka ba ni shi yana ƙarami, na goya shi tare da Peculiar, don haka abin da zan faɗa ba ƙararsa nake kawowa ba. Kai ka san farkon labarin, amma daga nesa ka san shi. Ka san shekarar da muka gudo daga Damari aka tare motarsu a hanya, ya yi damina guda a hannun mutanen daji. Abin da ba ka gani da idonka ba shi ne yadda ya dawo. Ya daɗe ba ya magana da kowa, in an ba shi abinci sai ya juya wa mutane baya kafin ya ci. Daga baya na fara jin sa a bayan gida yana surutu shi kaɗai da sauri da sauri, yana buga ƙirji da tafin hannu. Na tsorata, har na ce wa Micah mu kai shi a yi masa addu'a. Peculiar ce ta ce in kwantar da hankalina, wai waƙa yake haɗawa, irin gambarar zamanin nan da samari ke kira rap. Da ya tafi Kaduna ya sa wa kansa suna Ƙaiƙayi, na ce lallai ya san kansa, don tun yana yaro ba ya barin mutum ya zauna lafiya.

Waƙarsa ta farko, wadda ya kira "Ba Mu Mutu Ba", kowa ya so ta. Ya lissafo ƙauyukanmu, Damari da Kazage da Tabanni, ya ambaci rafin da muke wanki da bishiyar ɗorawar bakin coci, ya ce an kore mu amma muna numfashi. Na ga manyan mata suna kuka a rumfata in an sa ta. Har Fastonmu ya ambace ta a wa'azi. Amma waƙoƙin da suka biyo baya sun raba kan mutane. Ya zagi masu zuwa neman ƙuri'a, ya taɓa masu wa'azi na coci da na masallaci, ya ce suna koya wa talaka haƙuri su kuma suna kwana a Kaduna. Wani gidan rediyo ya daina sa waƙoƙinsa. A lokacin ne kuma ya faɗa shan kodin da ƙwayoyi, wai sai da su yake samun barci. Anita, yarinyar da muka je gaisuwa gidansu a Kafancan, ta haƙura da shi iya haƙuri, daga ƙarshe iyayenta suka dawo mana da kayanmu. Ka ji labarin faɗuwar da ya yi a kan dandamali yana cikin waƙa, aka kwashe shi zuwa asibiti. Na je na yi jinyarsa, na ga yadda yake zabura in ma'aikaciyar jinya ta taɓa ƙafarsa. Da ya fito ya yi mini alkawari zai daina, ya daina na ɗan lokaci, ya koma.

Sai a tsakiyar daminar bana ya fito da wadda ta jawo wannan takarda. Sunanta "Mai Tari". Ban sani ba ko ta iso muku, amma nan babu wayar da ba ta ciki. Masu cajin waya a tasha suna tura wa mutane ita, 'yan acaba suna yawo da ita a sifika. A ciki yana ba da labarin wani mutum a daji da ke ɗaure musu ƙafa, yana kuma rufe musu ido da tsumma duk lokacin da zai zo, don kada su gane shi. Ya ce mutumin ya ɓoye fuskarsa, ya sauya muryarsa, amma bai iya ɓoye tarinsa ba. A ƙarshen kowane baiti sai kiɗan ya tsaya cak, sai Judah ya yi tarin, busasshe, mai ƙarewa da ɗan fito kamar iska na fita ta ƙaramar kafa. Bai ambaci suna ba. Yaya, ranar da na fara jin ta ina tuƙa tuwo, sai da na ajiye muciya na zauna. Kai ma in ka ji za ka gane. Tarin Haruna ne, ɗan gidan mai injin niƙa na Damari, wanda garin niƙa ya shiga ƙirjinsa tun yana yaro, wanda kake ɗauka a keke kana kai shi makaranta. Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Damari ya gane. Muka riƙa kallon juna a coci da kasuwa, babu wanda ya buɗe baki, domin tun da aka yi sulhu Haruna yana shigowa gari ranar kasuwa kamar kowa, da sabon babur da yara biyu a bayansa.

Ra'ayi kuwa kowa da nasa. 'Yan acaba suna cewa Ƙaiƙayi ne kaɗai namijin da ya rage a ƙasar Birnin Gwari. Fasto ya kira ni gefe ya ce in ja masa kunne, wai sulhun nan bai yi ƙwari ba, kuma Kirista ba ya riƙe mutum a zuci har ya sa shi a waƙa. Micah ya ce shi bai ƙi gaskiyar yaron ba, amma mai waƙar yana Kaduna, mai gona a bakin daji yana nan. Peculiar kuwa ta tsaya a bayan ɗan'uwanta, ta ce wane irin zaman lafiya ne wanda aka ɗaure zai yi shiru, wanda ya ɗaure shi yana zaɓar atamfa a kasuwa. Malam Abdulsamad mai shayi, maƙwabcin rumfata, wanda aka kashe ƙaninsa a hanyar Funtuwa, ya gaya mini yana jin waƙar a gida har hawaye su zo masa, amma ya hana a sa ta a teburinsa, ya ce shi ma yana da 'ya'ya. Ni dai in ka tambaye ni, ban taɓa jin yaron ya yi waƙa mai kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin tsoron wata waƙa kamarta ba.

Abin da babu wanda ya hango shi ne inda waƙar za ta faɗa. Yaran cikin gari ba su san Damari ba, ba su san Haruna ba. Sai suka mai da tarin abin wasa, duk baƙon da ya shigo da sanda a kafaɗa sai su bi shi suna tari. Ka tuna Jumare, dattijon makiyayin da na taɓa ba ka labari, wanda rugarsa ke bayan gonarmu, matarsa Muslimat tana sayar da nono a gefen rumfata? Mutumin nan mutanen daji sun kwashe masa shanu, sun kashe ɗansa Bakoji da ya bi sawunsu. Shekarunsa sun ja, yana fama da ciwon ƙirji, yana tari. Wata ranar kasuwa ya shiga kara, wajen cinikin dabbobi, zai sayar da ɗan maraƙi, tari ya sarƙe shi, wani ya ce ga mai tarin nan. Kafin dattawa su kai gare shi samari sun kayar da shi, sun karya masa haƙarƙari. Ni da Micah muka ɗauke shi zuwa asibiti. A bakin ɗakin da aka kwantar da shi Muslimat ta dube ni, ba faɗa ba zagi, ta tambaye ni ko ɗana ya taɓa ganin mijinta da wani laifi. Na ce mata a'a. Ta ce to me ya sa ban faɗa wa mutane ba. Na yi ta faɗa wa duk wanda ya zauna cin tuwo cewa ba Jumare ba ne, amma da sun ce to wane ne, sai in ce miya ta ƙare ko in tashi in duba wuta.

Peculiar ta kira Judah ta gaya masa. Bai sanar da mu zai zo ba, sai ganinsa muka yi da 'yar jaka, ya rame, idanunsa sun faɗa. Washegari ya ce in raka shi rugar Jumare, don an sallamo shi yana kwance a gida. Ya durƙusa a bakin bukka ya roƙi gafara. Jumare ya sa aka kawo masa fura, ya bar shi ya gama. Sannan ya ce shi ba ya riƙe da shi, domin ya san abin da daji ke yi wa mutum, ɗansa ma can ya kwanta. Amma ya ce yana da magana ɗaya: in zai faɗi abu ya faɗe shi duka, in ba zai iya ba ya yi shiru duka, domin rabin maganar da ya yi ita ce ta karya masa ƙashi. Muka kamo hanyar gida. Ni kuwa na riga na san wanne Judah zai zaɓa a cikin biyun.

Na roƙe shi ya koma Kaduna kafin ranar kasuwa, ya ƙi, ya ce zai taya ni aiki kamar da. Da rana tsaka, rumfa cike da mutane, yana ɗauko mini kwanuka, sai muka ji tarin daga bayanmu. Ba na waya ba, na gaske. Haruna ya shigo da farar shadda, ya yi ƙiba, ya gaishe ni yana ce mini Mama kamar yadda yake yi in na kai niƙa, ya zauna a benci ya ce a zuba masa tuwon masara da miyar kuka. Yaya, abin da na gani bayan nan shi ne ya hana ni sukuni har yau. Judah, wanda ke tsayawa gaban dubban mutane yana faɗa wa manya magana, ya ɗauki buta da roba, ya je ya durƙusa a gaban Haruna, kansa a ƙasa, ya zuba masa ruwa ya wanke hannu. Babu wanda ya sa shi. Ya zauna a durƙushe har sai da mutumin ya yarfe hannunsa ya ce ya isa.

Haruna ya ci tuwonsa a natse yana hira da ni. Ya tambayi lafiyarka, ya ce ya ji har yanzu kana gadi a wannan kamfanin na Apapa, ya ce ya ji Jeffrey ya samu shiga jami'a, Allah ya sa albarka. Ya tambayi Peculiar, ya ambaci makarantar da take koyarwa da hanyar da take bi. Ya ce ya ga waken Micah a gonarmu ta bakin daji ya bushe, ya kamata a cire kafin dabbobi su shiga. Sannan ya juya wajen Judah yana murmushi, ya ce waƙar ta yi daɗi, yana da ita a wayarsa, yaransa ma suna tsokanarsa da ita. Ya ce yaro mai baiwa irin wannan ya kamata ya yi tsawon rai ya yi waƙoƙi da yawa, a kan soyayya, a kan noma, abubuwan waƙa ba sa ƙarewa. Ya biya, ya yi mana sai an jima, ya fita. Bayan tafiyarsa Judah ya zaga bayan rumfa ya yi ta amai. Da na je na dafa shi sai ya fashe da kuka, ya ce Anti, wallahi bai san lokacin da gwiwarsa ta kai ƙasa ba. Ya ce a daji aikinsa ke nan kullum, ido a rufe, yana lalube da buta. Ya ce shekarun nan duka yana ganin ya fito, ashe jikinsa yana can.

Ya koma Kaduna washegari. Bayan 'yan kwanaki ya turo wa Peculiar sabuwar waƙa a waya, ya ce ta sa mini in ji kafin duniya ta ji. Mun shiga ɗaki mun rufe ƙofa mun rage murya. A baitin farko ya wanke Jumare, ya ambaci Bakoji, ya ce duk wanda ya ɗaga wa dattijon hannu ya je ya durƙusa masa. A baiti na biyu ya kira sunan Haruna, da sunan ubansa, da injin niƙan, da sunayen mutum biyu da ba su fito daga dajin ba. Babu zagi a ciki ko ɗaya, wannan ne ma ya sa ta fi tsoratar da ni. Ya ce jajibirin Kirsimeti za a sake ta, kuma ta riga ta shiga hannun abokan aikinsa na situdiyo. Peculiar ta ce ya gaya mata tun ranar da ya rera ta bai sha komai ba, kuma yana barci har rana ta fito. Na kira shi da kaina na ji muryarsa, na ji muryar yaron da na goya, wadda na daɗe ban ji ba.

To ga abin da ya faru shekaranjiya. Micah ya shirya zai tafi cire waken nan da safe, ya buɗe ƙofa sai ya tarar da buhuna a jingine a bakin gida. Wakenmu ne, an cire, an sussuka, an sheƙe shi tas, an ɗinke bakin buhunan da kyau. Maƙwabta sun ce wasu samari ne suka sauke a babura, suka ce a gaya wa Mama in ji Haruna, kada Baba ya wahalar da gwiwarsa zuwa bakin daji. Micah ya daɗe a tsaye yana kallon buhunan. In ya bar su a waje magana ce, in ya shigar da su ma magana ce. Daga ƙarshe muka ja su zuwa zaure, suna nan, babu wanda ya kwance ko ɗaya. Micah ya je gonar ya duba, ya ce ko kwanso ɗaya ba a bari a ƙasa ba. Ban san ko Haruna ya ji labarin sabuwar waƙar ba, ko kuwa tuni kawai yake mana. Ban kuma san wa zan tambaya ba.

Judah ya ce zai zo wurinka Legas a farkon watan gobe, ya zauna har bayan biki. Abin da nake roƙonka, Yaya, in ya iso kada ka tare shi da faɗa. Na san zuciyarka, na san za ka ce ya jefa mu cikin haɗari don neman suna. Ba suna yake nema ba, na gani da idona. Ka bar Maman Jeffrey ta ba shi abinci, ya huta, sannan ka zaunar da shi ku yi magana ta uba da ɗa. Micah yana so ka hana shi. Peculiar ta ce in an hana shi, za mu binne shi da hannunmu kafin wata damina, kuma Jumare zai mutu da sunan da ba nasa ba. Ni na auna duka biyun, ban iya ce maka ka hana shi ba, ban kuma iya ce maka ka ƙyale shi ba. Abu ɗaya na sani: ka roƙe shi ya jinkirta har sai Peculiar ta tafi Kaduna wurin ƙanwar Micah, kuma Jumare ya samu ƙarfin da zai iya tashi da sauran dabbobinsa, don Muslimat ta ce suna so su koma wajen danginta a Neja. Ni da Micah muna nan. Mun gudu sau ɗaya mun bar Damari, ya ce ba shi da ƙafar gudu na biyu, ni kuma ba zan bar shi ba.

Ka gaishe mini da Maman Jeffrey da kyau, ka ce mata na gode da zanen da ta aiko. Ka gaishe da Jeffrey, ka ce ya riƙe karatu, kuma don Allah ya rage sa hotunansa da sunan makarantarsu a waya. Ka gaishe da ƙannensa duka, da mutanenmu na coci da ke can. Micah yana gaishe ka, Peculiar tana gaishe da kawunta. Fasto da Malam Abdulsamad sun ce in miƙa gaisuwarsu. Ku ci gaba da sa mu a addu'a, mu da garin nan baki ɗaya, Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye Judah.

Ranar da waƙar ta fita kada ka kira ni, ni zan kira ka. In rana ta faɗi ban kira ba, ka nemi Fasto, lambarsa tana bayan takardar nan.

Ni ce ƙanwarka,
Rosaline.